Canjin Gadi a Rijiyar Tollefson

Injin jan ruwa ne ya kai ni. Da yamma ina shago, rabin jikina a ƙarƙashin taraktar wani, sai waya ta yi ƙara. Na fito ina tsaki, na ɗauka da hannu duk baƙin mai. Doyle ne.

"Arlen, ashe kana raye?"

"Ina jiran ka wuce gaba, ai kai ne babba."

Bai yi dariya ba. Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce injin Rijiya ya tsaya, ruwa ya fara taruwa a ƙasa, in zo in duba masa kafin duhu.

"Haba tsoho, gobe da safe fa?"

"Kafin gobe ruwa ya kai gwiwa. Taimaka, mutumina." Har zan ajiye sai ya ƙara, kamar yanzu abin ya faɗo masa a rai. "Af, ka taho da tsohon kwaɗonka na kulle akwati a wurin aiki. Za a kawo 'yan makaranta, ina so su gani."

Ban tambaye shi komai ba. Me zan tambaya? Doyle Krenz fa. Shi ne babban abokin ango ranar aurena, shi ya kama gaban akwatin gawar matata ranar da muka kai ta. Mun ci a kwano ɗaya fiye da rabin rayuwarmu. Na wanke hannu, na laluba ƙasan durowa na ciro kwaɗon, na jefa akwatin sifanoni a bayan a-kori-kura, na kama hanya.

Rijiya muke ce mata, Rijiyar Tollefson, don a gonar tsoho Tollefson aka haƙa ta. Ina ƙarami sojoji suka zo aka yanke masa tsakiyar gonar alkama aka kewaye da waya, kuma har ya mutu bai daina tofar da yawu ba in ya wuce ta wurin. Daga titi gida ne kamar kowane gida a jiharmu ta Dakota, da rufinsa da tagoginsa. Amma can ƙarƙashinsa, ƙasa sosai, akwai ɗakin ƙarfe da kankare mai siffar ƙwai. A nan sojoji biyu suke zama dare da rana suna jiran umarnin harba makamai masu linzami goma da aka binne a gonakin mutane, kowanne da kan nukiliyar da zai iya shafe birni. Ni da Doyle mun yi shekaru a kujerun nan biyu, shi kwamanda, ni mataimaki.

Dokoki biyu ne suka fi shiga jinin duk wanda ya yi aiki a can. Ba a barin mutum ɗaya a ɗakin, ko na ƙiftawar ido. Kuma ba ka tashi daga gadi sai an zo an karɓe ka. Ko ƙanƙara ta toshe hanya, ko matarka na naƙuda, kana nan zaune har wasu biyu su sauko su ce sun karɓa. Ni kaina ina ƙasa aka haifi 'yata.

Da aka sasanta da Rasha sai aka zo aka zare makaman, aka fasa ramukansu da nakiya, manoma suka ci gaba da shuka a kai. Sauran ɗakunan irin namu aka ɗura musu yashi aka shafe baki da kankare. Rijiyarmu kaɗai aka bari, wai za a mai da ita gidan tarihi, aka ba Doyle makullan ya riƙa kula da ita. Ni lokacin na riga na ajiye kaki. Doyle ne ya yi gadin ƙarshe, tare da wani ɗan jihohin Kudu mai yawan dariya, Lonnie Stroud, wanda bakinsa ba ya rabuwa da 'ya'yan furen rana, kullum yana ɓarzawa yana tofar da ɓawo a kofi. Bayan wasu shekaru aka tsinci Lonnie a motarsa a bakin ƙofar Rijiya, tsakiyar lokacin sanyi, ya daskare a zaune da bel a ɗaure. Aka ce giya ce. Ni ma haka na ce.

Hanyar ba kowa. Gonakin furen rana dama da hagu, sun bushe sun sunkuyar da kai suna jiran girbi. Iska tana kaɗa wayar shinge tana wani siririn kuka. Rana ta yi ja, ta kusa taɓa ƙasa.

Doyle yana tsaye a bakin ƙofa. Kwana biyu ban sa shi a ido ba, sai na ga mutum ya zuƙe, wuya ya fito, wando yana neman zamewa. Idanunsa jajur, sun faɗa ciki.

"Kai! Matarka Marlys ta daina ba ka abinci ne?"

"Abinci ba laifi. Barci ne ba na samu." Ya dubi hannuna. "Ka taho da shi?"

Na buga aljihuna. Ya sauke numfashi, ya juya ya shige gaba.

Muka shiga lif, ya ja ƙofar raga, muka fara sauka. Warin nan ya tarye ni, warin danshi da tsatsa da tsohon mai. Shekaru sun wuce amma hancina bai manta ba. Ba abin da ake ji. Sai kukan igiyar lif a samanmu, da numfashin Doyle mai shaƙewa.

Injin yana lungu kusa da ƙasan lif. Na durƙusa na haska. Ruwan da ake ta yi min kururuwa a kai ko tafin takalmi bai rufe ba. Na taɓa nan, na taɓa can, na ɗaga makunni, inji ya tashi garau.

"Wannan ai kashe shi aka yi da hannu."

"Ƙila masu zuwa kallo ne suka taɓa," in ji shi, yana duban bango.

"Don wannan ka raba ni da aikina? Amma ka cika ɗan rainin hankali."

"Tunda ka sauko ai ka leƙa ciki. Yaushe rabonka?"

Ƙofar ɗakin ƙarfe ce zalla, kaurinta ya kai tsawon hannu, nauyinta ya fi na tarakta biyu. Daga ciki kawai ake rufe ta, daga ciki ake buɗe ta. Tun da aka daina aiki aka ɗaure ta da sarƙa a buɗe, kada ta rufe da wani. Ran nan na ga sarƙar a ƙasa, a naɗe tsaf. Na gani da idona, na tsallake ta na shiga.

Komai yana nan. Kujeru biyu jajaye a kan dogon ƙarfen da suke zamewa a kai, ta kwamanda a ƙurya, ta mataimaki a gefe. Allunan fitilu duk a mace, an datse wayoyinsu tuntuni. Ramukan mabuɗan harbi biyu, an raba su nesa da juna yadda mutum ɗaya ba zai iya kai hannu duka biyun ba. Sai jan akwatin nan a jikin bango, inda ake ajiye mabuɗan. Kwaɗo biyu yake ɗauka, na kwamanda da na mataimaki. Kowa shi ke sayen nasa, shi kaɗai ya san lambar da ke buɗe shi. In an zo canjin gadi, mai tafiya ya cire nasa, mai zuwa ya maƙala nasa.

Kwaɗo biyu na gani a rataye. Na gane na Doyle, mai ɗigon shuɗin fenti.

"Naka ne wannan? Ɗayan fa?"

"Na Lonnie." Ya share zufa, alhali wurin sanyi ne. "Ran ƙarshe ba wanda ya sauko ya karɓe mu. Sun zo sun kwashe mabuɗai da takardu, daga baya aka bugo waya aka ce mu hau, an gama. Muka mai da kwaɗo jikin akwati ba komai a ciki. Sabo ne kawai."

"To, an yi an gama."

"Arlen, yaran nan in sun zo ina so in nuna musu yadda ake canjin gadi. Rabi ya ɓace min. Zo mu gwada sau ɗaya."

Na yi dariya. "Kai ne ka manta? Kai da kake sa ni maimaitawa in na yi tuntuɓen harshe? Matsa, tsoho, ka ga aiki."

Wallahi da alfahari na yi shi. Wannan ne yake ƙona min rai har yau. Na ajiye akwatin sifanoni, na gyara tsayuwa, na bi alluna ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa ina kiran sunayensu, yana amsawa. Jikina ya riga kaina tunawa. Muka zo kan jan akwati. Ya kama kwaɗonsa yana murza lamba, ya kuskure har sai da ya sake daga farko. Ya buɗe. Ya cire. Na ciro nawa na maƙala, na danna.

Ƙas.

Na juyo na ƙame, na sara masa, ina murmushi.

"Kwamanda, na karɓe ka."

Ya tsaya yana kallona. Da wata murya can ƙasa ya ce, "An karɓe ni."

Sai na ga hawaye.

"Lafiya? Kai, wasa fa muke yi."

"Bari in ɗauko abu a sama," in ji shi. Da baya da baya ya fita, kwaɗonsa a dunƙule a ƙirji. Daga bakin ƙofa ya ce wani abu, ban ji sosai ba, kamar "ka yafe min". Na ji an ja ƙofar raga. Na ji lif ya tashi. Ƙarar ta yi ta nisa har ta ɗauke.

Shiru.

Na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa shi. Na sunkuya zan ɗauki kayana.

Sai fanka ta tashi.

Wannan gurnanin da muka kwana muka tashi a cikinsa shekara da shekaru, iska mai sanyi tana busowa ta ramukan rufi. Na ɗago kai a hankali. Fitila ɗaya ta kawo a jikin allo, koriya shar. Ta biyu. Ta uku. Suka jeru har goma, kowace tana cewa makaminta a shirye yake.

Ni na ga datsattsun wayoyin nan da idona.

Wari ya canza. Ba tsatsa yanzu, sai warin waya mai ɗumi da kofi da ya kwana a buta.

A bayana wani abu ya ce ƙas.

Sannan tuf, ɓawo ya faɗa a kofi.

Ban juya ba. Na ji kujerar mataimaki ta zame a kan dogonta, ƙiii, ta tsaya.

"Sannu da zuwa, Kwamanda."

Raɗa ce, amma na san muryar. Har da jan harshen nan na 'yan Kudu.

Ban san lokacin da na zauna ba. Na dai tsinci kaina a kujerar kwamanda, bel a ɗaure a kafaɗuna da ƙuguna, kuma hannuna ne ya ɗaura.

"Lonnie," na ce. "An rufe wurin nan. Babu makami ko ɗaya. An fasa ramukan."

"Ni dai ba a karɓe ni ba."

"Ka mutu, Lonnie."

"Na sani, Yallaɓai. Na rufe ido a mota, na buɗe a nan." Ƙas. Tuf. "Wanda kwaɗonsa ke jikin akwati nan yake dawowa. Na daɗe ni kaɗai, kuma ka san doka ta hana. Kullum sai na kira Doyle, da ya rufe ido sai in kira shi. Da likita ya ce masa ajalinsa ya kusa, sai ya ce in yi haƙuri, zai kawo min wani."

Sai na gane komai. Amma in gaya muku gaskiya, abin da ya fara zuwa min ba tsoro ba ne. Zafi ne, a nan tsakiyar ƙirji, kamar an zuba min tafasasshen ruwa. Ashe inji bai lalace ba. Ashe babu wasu 'yan makaranta. Mutumin nan zama ya yi ya tsara, ya kwance sarƙa ya naɗe ta, ya ɗauki waya ya kira ni mutumina.

Lasifika ta yi kuka.

Kukan nan mai rawa da ke zuwa kafin saƙo. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan, ko a kabari ya ji shi sai ya zabura. Wata murya ta fara karanto haruffa, ba ta mace ba, ba ta namiji ba. Hannuna ya lalubi alƙalami yana rubutawa a kan allo. Ina kallonsa, na kasa hana shi.

Daga can bakin ɗaki na ji wani nishi mai nauyi. Ƙofa ce. Ta fara tafiya.

"Saƙo ya inganta," in ji Lonnie. "Hannu kan mabuɗi."

Na dubi ramin da ke gabana. Ɗazu ba komai a ciki. Yanzu ga mabuɗi a soke, yana ƙyalli.

Na san babu makamai. Na sani sarai. Amma fitilun nan ma ai na san ba su da wuta. In na murɗa, me zai tashi daga gonakin mutane? Ina zai faɗa? 'Yata tana birnin Fargo da jikokina.

"Hannu kan mabuɗi, Kwamanda."

"Ba zan murɗa ba."

"Sai mu biyu yake yiwuwa."

Sai na juya.

Da ban juya ba.

Yana zaune a miƙe cikin kaki, bel a ɗaure. Fatarsa kamar naman da ya daɗe a firiza. Ƙanƙara a girarsa, ƙanƙara a gashin idonsa, idanun a buɗe sun yi fari. Ɓawon 'ya'yan fure ya manne a leɓensa. Yana magana, leɓen ba ya motsi.

Hannunsa ɗaya yana kan mabuɗinsa.

Ɗayan yana tahowa wurina.

Bai tashi ba. Hannun ne yake tsawo. Yana bin gefen allo a hankali, hannun riga ya tsaya a baya, ƙashi yana ƙara kamar ana taka busasshen kara.

"Zan ƙirga," in ji shi. "Uku."

Na danna maɓallin bel. Ya ƙi.

Ƙofa ta yi rabi.

"Biyu."

Yatsunsa suka kama wuyan hannuna na dama. Sanyin ya shige har ƙashi. Ya fara jan hannuna zuwa mabuɗi, a hankali, cikin ladabi, kamar mai taimakon tsoho ya tsallaka titi.

Da hagu na laluba aljihu. 'Yar wuƙar da nake yankan tiyo da ita. Na buɗe ta da haƙori. Na yanke bel na kafaɗa, na yanke na ƙugu, har da naman cinyata. Na sa ƙafa na tokare allo na fizge da duk ƙarfina. Fatar wuyan hannuna ta bi yatsunsa.

Na faɗi ƙasa. Na tashi.

Na yi kan jan akwati. Kwaɗona. Ranar haihuwar matata ce lambar, ko a barci na san ta. Na murza, na ja.

Ko gezau.

Na sake. Ko gezau.

"Ba a cirewa sai an karɓe ka, Yallaɓai."

Saura ɗan tsagi a ƙofa.

Na ruga. Na shiga a kaikaice, na fitar da numfashi duka, ƙarfe yana goge min ƙirji da baya. Maɓallan rigata suka tsinke. Kaina ya fita. Kafaɗa ta fita. Na dafa bakin ƙofa na ja sauran jikina.

Ta rufe.

Ban ji zafi ba a lokacin. Na dai ja hannuna na ga yatsu biyu babu.

Lif yana sama, na danna bai amsa ba. Akwai tsanin ƙarfe a jikin bangon ramin. Na cusa hannun a hammata na ɗan lokaci, sannan na kama tsani na fara hawa cikin duhu. Jini yana sa ƙarfen santsi. Ina hawa ina zamewa, ina kiran sunan Allah, ina zagin Doyle.

A ƙasa wayar da ke bakin ƙofa ta fara ƙara.

Ba wanda ya ɗauka, amma ta daina, muryar Lonnie ta biyo ni ta cikin ramin, ba fushi, ba gaggawa.

"Kwamanda, ba a karɓe ka ba. Ina nan."

Na ture murfin sama da kai, na mirgina a kan daɓe, na rarrafa na fita waje. Na ɗauka zan tarar dare ya raba. Ina! Ranar da na bari tana taɓa ƙasa ko gama nutsewa ba ta yi ba. Iska tana nan tana kaɗa waya.

Motar Doyle tana bakin shinge, inji a kashe. Na je ina tangaɗi, na leƙa.

Barci yake yi.

Ya kwantar da kai a jikin gilashi, baki a buɗe, yawu yana dalala, yana minshari. Fuskarsa ta saki ta yi luf, rabon da in gan shi haka tun muna samari. Ko gida bai iya kaiwa ba don daɗin sauke kaya. Na buga gilashin da guntun hannuna har ya yi ja, bai motsa ba. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Da akwatin sifanonina bai tsaya a ƙasa ba, ban san abin da zan aikata ba. Na naɗe hannu da rigata, na tuƙa kaina asibiti, na ce musu injin girbi ne.

Tun daga ranar ban sake yin barcin kirki ba. Gurnanin fankar nan yana kunnena ko ina coci. Da na rufe ido sai in ji bel a kafaɗata, in ji ƙas, in ji tuf, in ji ana cewa ana jirana. Na koma da maƙera muka gwada ƙofar, ta ƙi buɗuwa, wutar walda ko tabo ba ta yi mata ba. Wandona ya fara zamewa.

Doyle bai kira ba, ni ma ban kira ba. Sai da sanyi ya shigo Marlys ta bugo ta ce an kwantar da shi, in ina son ganinsa in hanzarta.

Ta tare ni a bakin ɗaki ta rungume ni. "Arlen, Allah ya saka maka. Ban san me kuka tattauna ba ranar da kuka je gyaran injin nan, amma tun daga ranar yake barci kamar jariri. Shekara nawa yana firgita yana ihu!" Ta share ido, ta ce bari ta samo mana kofi.

Ya rage ƙashi da fata. Da ya gan ni sai ya dubi hannuna, ya kau da kai.

Na ja kujera na zauna. Duk zagin da na tanada a hanya ya gudu. Abu ɗaya kawai ya fito.

"Me ya sa ni?"

Ya juyo da kai ya dube ni.

"Na yi tunanin wasu," in ji shi. "Kowa sai ya tambaye ni dalili. Kai kaɗai ne za ka zo ba tambaya."

Wayyo. Da mari ya kwaɗa min da ya fi min sauƙi. Wato yardar da na yi da shi ita ya duba ya zaɓe ni.

Na miƙe. Na san ba zai iya zuwa Rijiya ba, na san kwaɗonsa ba ya nan, amma na ce ko da baki ne a gwada. Na ƙame a gefen gadon kamar yadda na yi masa sau ba adadi, na ɗaga murya irin ta aiki.

"Kwamanda, gadi a shirye yake. Ina jiran a karɓe ni."

Na ga kafaɗunsa sun miƙe a kan matashi. Na ga bakinsa ya buɗe da kansa, harshe ya ɗaga. Saura ƙiris. Sai ya zaro ido, ya ɗaga hannayen nan biyu masu allurai ya toshe bakinsa, ya danne da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Hawaye yana bin yatsunsa. Yana kallona yana girgiza kai.

"Doyle. Don Allah. Ni ne fa."

Bai sauke ba. Har Marlys ta dawo da kofi hannunsa yana kan bakinsa. Daga baya ta gaya min a haka ya cika, ta ɗauka ciwo ne yake dannewa.

Na je jana'iza, don Marlys ba ta yi min komai ba. Aka nemi in kama akwati, na nuna musu hannuna. Bayan an dawo aka taru a ɗakin ƙasan coci, ga kofi, ga tiren taliya da nama da matan unguwa suka kawo. Tsofaffin 'yan Rijiya sun zo da dama, duk an yi furfura an yi tumbi, ana ta tuna baya. Kowa ya zo sai ya yi min gaisuwa kamar ɗan'uwana ne ya rasu.

Gene Ostby ya fi kowa daɗewa a kaina. Mutumin kirki ne Gene, mun yi gadi tare lokacin da Doyle ya karya ƙafa. Ya dafa kafaɗata ya leƙa fuskata.

"Kai ma fa ka rame, ɗan'uwa. Ba ka barci ko? Kawo wayarka." Ya karɓa ya danna lambarsa da kansa. "Ko me kake buƙata, ko dare ko rana, ka kira ni kawai. Ba sai ka gaya min dalili ba."

Na tsaya ina kallonsa. Sai na kama kaina ina auna shi: yana da lafiya, har yanzu yana tsayuwa a miƙe, kuma da alama bai manta komai na aiki ba. Ƙofar nan da ta ƙi maƙera, jikina ya ba ni za ta buɗe wa mai zuwa karɓa. Kofin ya suɓuce daga hannuna ya fashe. Na fita waje na yi amai a gindin bishiya.

Watan jiya likita ya saurari ƙirjina, sannan ya ce in fara kintsa al'amurana. Na san inda zan buɗe ido, kuma na san wanda zan tarar.

Ban kira Gene ba. Na rantse ba zan yi wa wani abin da aka yi min ba, kuma kullum da safe sai na sake rantsewa. Amma Allah ya sani, har yau ban goge lambar ba.